Turancin da Ba a Koyarwa a Aji: Amsa ga Mai Shirin Tafiya Ingila Aikin Jinya

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce, na ci jarrabawar Turanci, ina shirin tafiya aiki Ingila. Yayana da ke Ostireliya ya ce ko da takardar shaida a hannu, sai mutum ya yi watanni kafin ya gane abin da mutanen can suke faɗa. Mene ne ma'anar irin maganganun nan nasu, ina suka samo su, kuma ya dace ni ma in riƙa yin su?

Amsa: 'Yar'uwa, barka da wannan nasara, Allah ya sa a je a sa'a. Yayanki bai yi ƙari ba. Na daɗe ina koyar da Turanci ina kuma aikin fassara, na zauna cikin mutanen nan, kuma abin da nake so ki riƙe tun kafin mu shiga kalmomi shi ne wannan: da sarar magana ɗan Birtaniya ko ɗan Ostireliya yake auna tsakaninsa da ke. Da ita yake nuna ya ɗauke ki tasa, da ita kuma yake rufe ciwonsa ko fushinsa ko kunyarsa. Don haka aikinki na farko na kunne ne. Ki nemi fahimtar duka, ki furta kaɗan.

Zan fara da ɗakin marasa lafiya, domin a nan ne rashin fahimta zai iya cutar da wani. Tsohuwa za ta kira ki ta ce tana so ta "spend a penny". Fitsari take ji. Maganar ta fito ne daga bandakunan jama'a na da, waɗanda sai an jefa kwabo ɗaya ƙofar take buɗewa. An sauya tsarin kuɗin Birtaniya a 1971, tsohon kwabon ya tafi, maganar ta zauna a bakin tsofaffi. Wanda ya ce yana da matsala da "waterworks" ɗinsa, mafitsara yake nufi. "Down below" al'aura ce, "back passage" dubura, "the runs" gudawa. Wadda ta fi ruɗa namu mutanen ita ce "I've been sick". A Turancin da muka saba da shi a gida, rashin lafiya ke nan. A Birtaniya amai mutum ya yi, rashin lafiya kuwa "poorly" suka fi cewa, musamman a arewacin Ingila. "I had a funny turn" ba ta da alaƙa da dariya ko kaɗan: jiri ne ya kwashe shi, ko ya ɗan suma, ko wani abu ya same shi da bai san sunansa ba, kuma wannan magana ce da ya kamata ki tsaya ki bi diddiginta da tambaya.

Abin da ya fi kalmomin nan muhimmanci shi ne ɗabi'ar rage magana. Dattijon Ingila da ƙirjinsa ke masa ciwo mai tsanani zai iya ce miki "just a bit of a niggle", wato ɗan abu ne ba wani mai yawa ba. Ki tambaye shi jiki ya ce "mustn't grumble" ko "can't complain". Tarbiyya ce aka yi musu, cewa kuka da kai abin kunya ne. A ranar 24 ga Yuni 1982, jirgin British Airways ƙirar Boeing 747 ya shiga tokar dutse mai aman wuta na Galunggung a Indonesiya, injinansa huɗu suka mutu gaba ɗaya. Matuƙin, Kyaftin Eric Moody, ya sanar da fasinjoji cewa suna da 'yar ƙaramar matsala, duk injina huɗun sun tsaya, ana iya ƙoƙari a tashe su. Allah ya taimaka injinan suka kama, aka sauka lafiya a Jakarta. Ana kuma ba da labarin yaƙin Koriya a watan Afrilun 1951, a bakin kogin Imjin, inda Birgediya Tom Brodie ya gaya wa janar ɗin Amurka cewa al'amura "a bit sticky". Ba'amurken ya ɗauka ɗan matsi ne da za a iya jurewa, alhali sojojin Sin sun kewaye bataliyar Gloucestershire, kuma daga ƙarshe aka kama mafi yawansu. Idan masu harshe ɗaya sun kasa fahimtar juna a kan wannan, ke da kika zo daga nesa sai kin sa lura. Kada ki dogara da kalmar majinyaci kaɗai. Ki dubi fuskarsa da numfashinsa, ki sa ya ba ciwon maki daga 0 zuwa 10.

Haka batun lokaci da abinci. A arewacin Ingila da gidajen ma'aikata da yawa, "tea" abincin dare ne, "dinner" kuma na rana. Wanda ya ce yana shan maganinsa "after tea" wataƙila bayan cin abincin yamma yake nufi, ba bayan kofin shayin safe ba. "Half seven" bakwai da rabi ne. Waɗannan ƙananan abubuwa ne, amma a takardar magani ba su da ƙanƙanta.

To, daga ina sarar ta fito? Wadda ta fi suna ita ce ta Cockney, mutanen gabashin Landan. Bisa al'ada, Cockney na asali shi ne wanda aka haifa inda ake jin ƙararrawar cocin St Mary-le-Bow da ke Cheapside. A ƙarni na 19 'yan kasuwa da 'yan tallan unguwannin nan suka ƙirƙiro wani zaurance na amsa-amo, har wani mai sayar da littattafai, John Camden Hotten, ya tattara jerinsa a ƙamus ɗin da ya buga a 1859. Ga yadda yake aiki. Ana ɗaukar kalmar da ake nufi, a nemo jimla mai kalmomi biyu ko uku da ƙarshenta ya yi amo ɗaya da ita, sannan a yar da ɓangaren da ya yi amon. "Look" ta zama "butcher's hook", ƙugiyar mahauci, sai aka yar da ƙugiyar, ya rage "have a butcher's", wato duba. "Head" ta zama "loaf of bread", shi ya sa "use your loaf" ke nufin ki yi aiki da hankalinki. "Lies" ta zama "pork pies", har yau iyaye suna ce wa yara su daina "telling porkies", su daina ƙarya. Gashi ya zama "barnet" daga kasuwar dawakai ta Barnet Fair. Aboki ya zama "china" daga "china plate", wadda ta yi amo da "mate". Yar da amon nan shi ne ya sa baƙo ba zai taɓa gano ma'anar da tunani ba. Babu hanyar da za ta kai ki daga burodi zuwa kai sai an faɗa miki.

Ana ci gaba da ƙirƙirar sababbi da sunayen mashahurai. Ruby Murray mawaƙiya ce 'yar Belfast da ta yi tashe a shekarun 1950, yau kuma "a Ruby" miyar kori ce ta Indiya, domin Murray ya yi amo da "curry". Wanda ya ce shi "Hank Marvin" ne, yunwa yake ji, domin sunan makaɗin ya yi amo da "starving". Sai dai gaskiyar magana, cikakken zaurancen nan ya ja baya ƙwarai a Landan ɗin yau. Iyalan Cockney da yawa sun koma Essex da Kent bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Abin da za ki ji shi ne ragowar da ta shige bakin kowa, har masu faɗa ba su san asalinta ba. Ban ga amfanin ki haddace "apples and pears" don matakala ba, da wuya ki ji wani ya faɗa da gaske.

Wani kaso kuma sojojin mulkin mallaka ne suka dawo da shi gida, kuma a nan kunnen Bahaushe zai ji wasu sun yi masa kama da na gida, saboda Larabcin da muka yi tarayya a kai. "Have a shufti", wato ɗan leƙa, daga Larabcin Masar take, daga tushen da ke nufin gani. "Blighty", sunan shauƙi da sojojin Yaƙin Duniya na Ɗaya suke kiran Ingila da shi, daga Urdu take, tushenta kuma kalmar Larabci ta wilaya. "Pukka", abu na ƙwarai, daga Hindi. "Doolally", wanda kansa ya taɓu, daga sansanin soja na Deolali a Indiya, inda sojoji ke zaman jiran jirgin ruwan komawa gida har zaman ya gigita wasu. Akwai ɗaya da ya kamata ki sani don ki kiyaye: "bint". A wurinmu 'ya ce, daga nan ma muka sami sunan Binta, amma a bakin ɗan Birtaniya kalmar raini ce ga mace.

Na yau da kullum ba su da wahala, mako biyu kin riƙe su. "Knackered" gajiya ce liƙis, daga sunan masu yanka tsofaffin dawakai. "Chuffed" murna, "gutted" baƙin ciki mai taɓa zuciya, "gobsmacked" mamakin da ke sa a riƙe baki, "skint" rashin ko sisi, "dodgy" abin da ba a yarda da shi ba. "Quid" fam ɗaya ne, "fiver" biyar, "tenner" goma, "grand" dubu. "Cheers" da "ta" godiya ce. "You alright?" gaisuwa ce kawai, ba wai an ga alamar damuwa a fuskarki ba, amsarta "yeah, you?" ki wuce. Mu da muka saba gaisuwa mai tsawo, da tambayar gida da gajiya da iyali, wannan takan yi mana kamar shariya a farko. Ba shariya ba ce, iyakar gaisuwar ke nan.

"Bob's your uncle" na nufin shi ke nan, an gama, abu ya yi sauƙi. Za a ba ki labari cewa ta fito ne daga Firaminista Robert Cecil ("Bob" gajeren sunan Robert ne), Lord Salisbury, wanda ya naɗa ɗan 'yar'uwarsa Arthur Balfour babban sakataren Ireland a 1887. Naɗin ya faru, amma ba a ga maganar a rubuce ba sai shekarun 1920, don haka masana ba su gamsu da labarin ba. Na kawo wannan ne don ki san yawancin labaran asalin sara da ake yaɗawa a intanet daɗinsu ya fi gaskiyarsu yawa.

Sannan ki sani babu wani abu guda da ake kira Turancin Birtaniya a kan titi. Garin da aka tura ki shi zai yanke irin wanda za ki ji. A Newcastle za a kira ki "pet", abu mai kyau kuma "canny" ne. A Liverpool abinci "scran" ne. A Nottingham da Stoke direban bas zai ce miki "duck", a Yorkshire "love", a Birmingham "bab", a Glasgow "hen", a Bristol da kewaye har "my lover" ana cewa. Na san yadda zai yi wa 'yar Musulmi mai kamun kai nauyi ta ji namijin da ba ta sani ba ya kira ta "love". A waɗannan garuruwa babu neman mata a ciki, ko tsohuwa ana kiranta haka, a wasu wuraren har maza suna kiran juna haka. Duk da haka kina da haƙƙin ki ce a kira ki da sunanki, kuma a wurin aiki za a mutunta hakan.

A Landan da manyan birane, bakin matasa ya koma wani salo da masana harshe irin su Jenny Cheshire da Paul Kerswill suka yi nazari a kansa, suka kira shi Turancin Landan na al'ummomi da yawa. Tushensa mafi ƙarfi Jamaika ne, daga zuriyar waɗanda suka fara zuwa bayan 1948: "wagwan" gaisuwa, "mandem" abokai maza, "bare" da yawa. Yaran Somaliya da Larabawa suka ƙara "akhi" da "wallahi". Kada ki yi mamaki idan kin ji yaron da ba Musulmi ba yana ta jera wallahi a kowace jimla. A wurinsa kalmar ƙarfafa magana ce. A wurinmu rantsuwa ce da sunan Allah, kuma ina ba iyayen da ke renon yara a can shawara su zauna su bayyana musu wannan bambanci da kyau.

Yanzu ƙasar yayanki. Sarar Ostireliya 'yar ta Birtaniya ce, amma a gidan yari aka yaye ta. Jiragen farko sun isa Sydney a watan Janairun 1788, kuma daga nan zuwa 1868 Birtaniya ta kwashi fursunoni kusan 162,000 zuwa can, yawancinsu talakawan biranen Ingila da mutanen Ireland. Ƙamus na farko da aka rubuta a ƙasar na zaurancen ɓarayi ne. Wani fursuna, James Hardy Vaux, ya tattara shi a 1812 don alƙalai su riƙa gane abin da masu laifi ke faɗa, aka buga a 1819. A cikinsa "swag" kayan sata ne, daga baya ta zama ƙunshin shimfiɗar matafiyi mai yawon neman aikin gona. "Fair dinkum", wato na gaskiya ba wasa, za a ce miki daga 'yan Sin masu haƙar zinariya ta fito. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce daga karin harshen yankunan Lincolnshire da Derbyshire na Ingila take, inda "dinkum" ke nufin aiki.

Harsunan 'yan asalin ƙasar ma sun ba da nasu. "Hard yakka", aiki tuƙuru, daga harshen Yagara na yankin Brisbane. "Cooee", kiran da ake yi a daji don a ji daga nesa, daga harshen Dharug na yankin Sydney, shi ya sa abin da ke kusa ake cewa yana "within cooee". "Galah" wani aku ne mai ruwan hoda da toka mai yawan surutu, sunan ya koma na wawa.

Akwai guda uku da nake so saboda kowacce tana ɗauke da guntun tarihi. "Furphy" jita-jita ce, ƙanzon kurege. Kamfanin John Furphy na garin Shepparton a jihar Victoria yana ƙera amalanken tankin ruwa da sunansa a jiki. A lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya sojoji kan taru a gindin tankin su sha ruwa su yi musayar labaran da ba su da tushe, sai sunan tankin ya koma sunan labarin. "Drongo" sakarai ne, kuma ana danganta ta da wani dokin sukuwa na Melbourne mai wannan suna a shekarun 1920 da ya shiga tsere 37 bai ci ko ɗaya ba. Ta ukun ita ce "Buckley's chance", ko kawai "you've got Buckley's", ma'ana babu alamar nasara. William Buckley fursuna ne da ya tsere a 1803 a yankin Port Phillip, kowa ya ɗauka ya mutu, ashe mutanen Wathaurong sun karɓe shi, ya zauna cikinsu har ya sake bayyana a 1835. Wasu kuma suna danganta maganar da wani tsohon kanti na Melbourne mai suna Buckley & Nunn, saboda sunan na biyu ya yi amo da "none".

Suna da gwanintar kwatance da dabbobin ƙasarsu. Mai aiki ba hutu yana "flat out like a lizard drinking", ya miƙe kamar ƙadangare a bakin ruwa. Mai taɓin hankali yana da "a few roos loose in the top paddock", wato wasu kangaru sun ɓalle a makiyayar sama. Wanda ya fusata ya yi bori kamar yaro ya "spit the dummy", ya tofar da robar tsotson jarirai. Wuri mai nisan gaske "back of Bourke" ne, bayan wani gari da ke can cikin New South Wales a bakin kogin Darling. Idan wata rana aiki ya kai ki can, "crook" rashin lafiya ce, "carked it" kuma mutuwa, kalmar da ba za ki taɓa faɗa gaban iyalan mamaci ba.

Amma alamar da ta fi bambanta su ita ce gutsure kalma a liƙa mata wasali a ƙarshe. La'asar "arvo", karin kumallo "brekkie", gidan mai "servo", sauro "mozzie", ma'aikacin motar asibiti "ambo", mai gyaran lantarki "sparky". McDonald's "Macca's" ne, har kamfanin ya sauya allon wasu shagunansa zuwa wannan suna na ɗan lokaci a Janairun 2013. Kalmar "selfie" da duniya ta ɗauka, wadda Oxford ta zaɓa kalmar shekarar 2013, an fara ganinta a rubuce ne a wani dandalin intanet na Ostireliya a 2002. Gutsurewar nan tana da manufa: tana sauke abu ƙasa, tana nuna babu wanda ya fi wani. Al'umma ce da ke ƙyamar ɗagawa. A 2005 an hana masu gadin majalisar tarayya a Canberra kiran baƙi da 'yan majalisa "mate", hayaniyar da ta tashi ta sa aka janye umarnin washegari, har Firaminista John Howard ya soki hanin. Sai dai ki kula da kyau, ba kowace gutsurewa ce ta zumunci ba. Gutsure sunan 'yan asalin Ostireliya zagi ne mai muni na wariyar launi, haka gutsure sunan 'yan Pakistan a Birtaniya. Waɗannan biyun za su iya raba mutum da aikinsa, kuma sun cancanci hakan.

Wasu kalmomi suna sauya ma'ana tsakanin ƙasashen. "Thongs" silifas ne a Ostireliya, a Birtaniya ɗan kamfai ne. "Root" a Ostireliya kalmar batsa ce ta saduwa. "Pissed" a ƙasashen biyu buguwa ce, a Amurka fushi. Idan aka gayyace ku walima a Ostireliya aka ce "bring a plate", da abinci a ciki ake nufi. Baƙi da yawa sun je da faranti wayam sun ji kunya. "My shout" na nufin ni zan biya wa kowa, ana kuma sa ran wani zagayen ke ma ki biya. Asalinta daga mashaya ne, amma ana faɗinta a kan kofi ko abincin rana, kuma babu wanda zai tilasta miki giya idan kin ce lemo kike sha.

Na bar mafi wuya zuwa nan, wato zolaya. A ƙasashen biyu, zagi na wasa alamar ƙauna ce. Sunanta "banter", ko "taking the mickey". Ɗan Ostireliya zai kira amininsa "old bastard" yana rungume shi, ya kuma yi wa wanda ba ya so magana cikin cikakken ladabi. Abin da ya fi kusa da wannan a wurinmu shi ne wasan barkwanci. Bafulatani zai kira Babarbare bawansa a tsakiyar kasuwa a yi dariya, taubasai su yi wa juna tatas ba wanda zai riƙe, amma baƙon da ya ari kalmar nan ya jefi wanda babu wasa tsakaninsu ya jawo faɗa. Dangantakar ce ke halatta kalmar. Bambancin shi ne namu gado ne, kowa ya san abokin wasansa tun haihuwa. Nasu kuwa a hankali ake gina shi tsakanin mutum da mutum, babu wanda zai sanar da ke ranar da aka buɗe miki ƙofa. Ranar da abokan aiki suka fara tsokanarki a kan yawan sukarin da kike zuba wa shayi, ko rigunan sanyi uku da kike jibgawa a watan Mayu, ki yi murna, sun karɓe ki. Idan kuma zolayar ta taɓa launin fatarki ko hijabinki ko addininki, wannan cin zarafi ne ko da an yi mata suna "banter". Dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010 ta haramta irin wannan a wurin aiki. Ki rubuta rana da abin da aka faɗa da waɗanda suka ji, ki kai wa shugabar sashe ko wakilin ƙungiyarku.

Nauyin ashar ma ba ɗaya ba ne. Kalmar "bloody" ta girgiza gidan wasan kwaikwayo a Landan a 1914 da wata 'yar wasa ta furta ta a kan dandamali, alhali tun 1894 wata mujallar Sydney ta yi mata laƙabi da babbar siffar Ostireliya saboda yawan faɗinta. A 2006 hukumar yawon buɗe ido ta Ostireliya ta saka ta a tallar talabijin, masu tace talla a Birtaniya suka dakatar da tallar na ɗan lokaci. Yau ta yi sauƙi a ƙasashen biyu, amma ba kalmar gaban majinyaci ba ce. Hukumar Ofcom mai kula da kafofin yaɗa labarai a Birtaniya tana wallafa binciken da ke jera kalmomin ashar daga masu sauƙi zuwa masu tsanani, tare da waɗanda ba a yarda a faɗa a talabijin kafin ƙarfe 9 na dare ba. Yana nan kyauta a shafinsu, kuma na fi son ki karanta shi a ɗakinki da ki koyi nauyin kalma bayan ta fita daga bakinki.

Sai tambayarki ta ƙarshe, ko ya dace ki riƙa yin su. Hausawa na cewa in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma ka nemi taka ka ɗaura. A wannan wuri ina ganin a ɗaura ta a hankali. A 2009 Firaministan Ostireliya Kevin Rudd ya yi ta maimaita "fair shake of the sauce bottle" a hira ɗaya don ya nuna shi na talakawa ne, jama'a suka yi ta yi masa dariya saboda an ji maganar ba ta zauna a bakinsa ba. Ɗan ƙasa ke nan. Kunnuwan mutanen nan suna saurin gane aro. "Cheers", "no worries", "knackered", "brekkie", "cuppa" don kofin shayi, waɗannan ki ɗauka tun makon farko, ba su da haɗari. Na zolaya da na ashar ki bar su sai kin shekara kina saurare, wasu ma ba sai kin taɓa furta su ba. A takardun majinyaci da miƙa aiki ga mai karɓarki kuwa, sara ba ta da gurbi ko kaɗan. Idan majinyaci ya faɗi wata kalma mai muhimmanci, ki rubuta ta yadda ya faɗa cikin alamar zance, ki bi ta da abin da kika tabbatar yana nufi.

Idan kalma ta shige miki duhu, matambayi ba ya ɓata. Ki ce "Sorry, what do you mean by that?" kai tsaye. Mutanen ƙasashen biyu suna alfahari da sararsu, yawancinsu daɗi suke ji a tambaye su, tsofaffi ma har labari za su ƙara miki. Don bincike a waya, ƙamus ɗin sara na Jonathon Green yana intanet kyauta, da shekarar da aka fara ganin kowace kalma. Na Ostireliya kuma akwai ƙamus ɗin Macquarie, da shafin cibiyar ƙamus ta ƙasa da ke Jami'ar Ƙasa ta Ostireliya a Canberra. Shafukan da kowa ke iya shiga ya rubuta ma'ana ki yi hattara da su, yara ne suka cika su da shirme. Da zarar kin san garin da aka tura ki, ki nemi gidan rediyon BBC na wannan yankin a intanet, ki riƙa sauraron shirin da jama'a ke bugo waya, ko rabin awa ne a rana, tun kina gida. Irin waɗannan muryoyin ne za ki tarar a kan gadajen asibitin.